Kafin ka jefa giwarka a h7: farmakin da ke ci da farmakin da ke cin mai shi a gasar ces ta 'yan sha'awa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren gasar ces ya san wani irin shiru da ke sauka bayan kamar rabin sa'a da fara zagaye. Ba ka jin komai sai ƙarar danna agogo da ƙirin biro a kan takardar rubuta taku. A cikin wannan shirun za ka ji ƙwas, wani ya ɗaga giwarsa ya dangwara ta a kan dakaren da ke gadin sarkin abokin karawarsa. Kafin ka ce me, waɗanda suka tashi miƙe ƙafa sun taru a bayan kujerarsa, kowa ya harɗe hannu a ƙirji yana lissafi a zuci. Giwa sukutum ya bayar a kan dakare ɗaya. Nan da minti ashirin, ko dai a riƙa nuna wasan nan a waje har yamma, ko kuma mai shi ya naɗe takardarsa ya fice ba tare da ya kalli kowa ba.

Ga wanda bai saba da allon ba, gida 64 ne, takwas sau takwas. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar h7 ko f5. 'Ya'yan kuwa zan kira su da Hausa: sarki, sarauniya, hasumiya, doki, dakare, sai wadda Turawan Ingila suka raɗa wa sunan limamin coci, ni zan bi Larabawa in ce mata giwa. Dama mu ne muke ce wa wasan darar Turawa, amma daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Larabawa suka kai shi Andalus da sunan shaɗaranji. A kasuwar allo, dakare ɗaya ne, doki da giwa uku-uku, hasumiya biyar, sarauniya tara. In an yi wa sarki barazanar kai tsaye zan ce kashedi. Takun nan na musamman da ake ɓoye sarki a lungu a fito da hasumiya, zan ce sarki ya shiga turaka.

Abin da nake son faɗa guda ɗaya ne. Mafi yawan 'yan sha'awa suna ɗauka basirar farmaki ita ce ƙarfin halin yin kyauta. Ni a ganina kyautar ita ce abu mafi sauƙi a cikin aikin, ko yaro yana iya jefar da giwa. Basirar tana wajen sanin mutum nawa ka tara a ƙofar sarki, nawa ne ke gadi, da ta wace hanya za ka kawo na ƙarshe wanda ke can gida yana barci.

Babu wasan da ya fi nuna haka kamar wanda Paul Morphy, ɗan Amurka, ya buga a gidan wasan opera na Paris a 1858. Abokan karawarsa 'yan sha'awa ne irinmu, manyan masu sarauta biyu, Karl na Brunswick da Isouard, suna shawara da juna suna buga baƙaƙen 'ya'ya, shi kuma farare. A taku na bakwai Morphy ya kai sarauniyarsa b3, tana hararar f7 da b7 lokaci guda. Suka kare f7 da tasu sarauniyar, suka ajiye ta a e7, ta tsaya ƙiƙam a gaban giwarsu ta f8 ta toshe mata hanya. Dakaren b7 yana nan ba mai gadi. Mafi yawanmu da mun cinye shi, mu yarda a yi musayar sarauniya, mu shiga jan wasa da ribar dakare ɗaya. Morphy bai ko kalle shi ba, ya fito da dokinsa c3. Sannan giwa zuwa g5. Da suka tura dakare b5 don su kore giwarsa ta c4, sai ya ba da doki a wurin, ya ci dakaru biyu da kashedi, ya shigar da sarkinsa turaka ta dogon ɓangare, abin da ya kawo hasumiyarsa layin d ba tare da ɓata taku ba. Ya ba da wannan hasumiyar a d7, ya kawo 'yar uwarta ta maye gurbinta a d1, ya ba da sarauniya a b8, a taku na 17 hasumiya ta sauka d8, giwar g5 tana riƙe mata baya. Sarki ya mutu.

To, dubi allon a wannan lokacin. Ban da dakaru, Morphy ba shi da kowa sai hasumiya ɗaya da giwa ɗaya, kuɗinsu takwas. Masu sarauta suna da sarauniya da hasumiya da giwa da doki, kuɗinsu ashirin. Amma hasumiyarsu ta h8 da giwarsu ta f8 ba su motsa ko sau ɗaya ba tun da aka fara. A takarda su ne masu arziki, a fagen fama kuwa kullum Morphy ya fi su mutane. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan da ake ƙirgawa shi ne na waɗanda suka zo wurin faɗan.

Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, shi ya mayar da wannan ka'ida. A wurinsa ba a kai farmaki don rai ya so, sai in allo ya ba ka dalili, ko ka riga abokin karawa fito da 'ya'ya, ko sarkinsa ya maƙale a tsakiya, ko dakarun gabansa sun tsage. Ya kuma ƙara da cewa in dalilin ya samu, farmakin ya zama wajibi, don ribar riga-fita ba ta jira, kana jinkiri shi ma zai fito da nasa a koma daidai. 'Yan sha'awa sun kasu biyu a nan. Akwai masu kai hari ba dalili, akwai masu ganin dalili su ji tsoro. Na biyun sun fi yawa a cikin manya, na farkon sun fi yawa a cikin yara da waɗanda suka koyi wasan a waya.

Mu koma kan giwar h7, don ita ce kyautar da aka fi yi a irin gasarmu, kuma ita ta fi cin masu yin ta. Tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin rubuce-rubucen Gioachino Greco, ɗan Italiya, tun wajen 1620. Ga yadda take. Baƙi ya shigar da sarkinsa turaka ta gajeren ɓangare, yana zaune a g8, dakaru uku a gabansa. Fari yana da giwa a d3, doki a f3, sarauniya a d1, da dakare a e5 wanda ya kore dokin baƙi daga f6, gidan da mai gadin h7 ke zama. Giwa ta ci h7 da kashedi. Sarki ya cinye ta. Doki ya dira g5 da kashedi. Yanzu sarki yana da ƙofa uku. In ya koma g8, sarauniya ta zo h5 tana neman h7, baƙi ya janye hasumiyarsa e8 don ya buɗe wa sarki hanyar gudu, sai sarauniya ta ci f7, ta koma h5, ta shiga h7, ta shiga h8, ta gama da shi a g7, kowane taku da kashedi, muddin nasa 'ya'yan sun cika gidajen da zai fake. In ya fita h6, giwar fari da ke zaune a c1 tana kallonsa ta bayan doki, doki ya kauce ya ci e6, kashedi ya buɗe, sarauniyar baƙi ta tafi. Ƙofa ta uku, g6, ita ce mai wuya, sarki ya fito fili yana takarar doki. A nan babu hanyar da aka haddace, sai ka zauna ka lissafa ko sarauniya g4, ko dakaren h ya taso, kuma a nan ne agogon mutane ke ƙonewa.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne tambayar da ta kamata ka yi kafin ka taɓa giwar: bayan sarauniyata ta isa h5, wa yake da shi da zai iya kare h7 da taku ɗaya? Doki ya dawo f6 ba tare da an cinye shi ba? Giwa ta zo f5? Sarauniyarsa ta faɗo kan wannan hanyar gicciyen daga c2 ko d3? Yana da wanda zai cinye dokina a g5 tun kafin a je ko'ina? In amsar ɗaya daga ciki e ce, ka ba da giwa a banza.

Na koyi wannan da kuɗina. A wata gasar ƙarshen mako da aka yi a zauren wata makaranta, an haɗa ni da wani dattijo mai furfura, yana da ɓarin goro a gefen takardarsa, yana taku a hankali kamar wanda ba ya son wasan. Na ga giwata a d3, dokina a f3, dakarena a e5, komai ya zauna kamar yadda yake a hoto. Ban yi minti biyu ba na buga. Ya ci. Na yi kashedi da doki, ya koma g8. Na kai sarauniya h5 na tashi na tafi shan ruwa, ina tafe ina jin mutane sun fara taruwa. Da na dawo na tarar da giwarsa, wadda tun farkon wasa take c8 ba ta ce uffan ba, tana zaune a f5 tana gadin h7. Dakarensa na layin e ya daɗe da barin allo, hanyarta a buɗe take, ni kuwa ko sau ɗaya idona bai je wancan gefen ba. Na ja wasan har taku arba'in da wani abu, don kunya kawai. Da muka gama ya mayar da 'ya'yan inda suke, ya ɗora yatsa a kan giwar ya ce, "Yaro, naka ka ƙirga, ba ka ƙirga nawa ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Babu abin da zan ƙara.

Rudolf Spielmann, ɗan Ostiriya wanda ya shahara da kai hari, ya raba kyauta gida biyu, kuma rabon nan yana da amfani ƙwarai ga mai gasa. Akwai wadda rance ce kawai, ka ba da abu, ka lissafa har ƙarshe, ka san ko dai sarki ya mutu ko kuɗinka ya dawo da riba. Akwai kuma ta gaske, wadda ba ka ga ƙarshenta ba, ka ba da abu ka karɓi wani abin da ba a ƙirgawa, kamar sarki a fili, ko layi a buɗe, ko 'ya'yan abokin karawa a ɗaure. Ta farkon aikin lissafi ce. Misalinta wasan Edward Lasker da George Thomas a Landan a 1912, inda Lasker ya ba da sarauniya a h7 a taku na 11, ya yi ta jan sarkin baƙi da kashedi bayan kashedi, daga g8 har g1, can cikin gidan fari, ya kashe shi a taku na 18. Abin ban mamaki ne a ido, amma ba caca a ciki, don Thomas bai taɓa samun sararin yin abin da yake so ba. Irin wannan ana koyonsa da maimaici, kuma hanyar lissafinsa sananniya ce, ka fara duba duk kashedin da kake da shi, sannan duk abin da za ka iya ci, sannan barazana, saboda su ne takun da ke rage wa abokin karawa zaɓi.

Ta biyun ita ce ake gardama a kai, kuma duk mai son kare kyautarsa da ta lalace sai ya ambaci Mikhail Tal. Gaskiya ne Tal, mutumin Riga, ya karɓe kambun duniya daga hannun Mikhail Botvinnik a 1960 yana ɗan shekara 23, kuma a wasa na shida na wannan karawar ya jefa doki a f4 a taku na 21, kyautar da masu bincike suka nuna daga baya tana da magani. Botvinnik bai samo maganin a kan allo ba, ya faɗi. Wannan shi ne hujjar 'yan sha'awa, in Botvinnik ya kasa, ina ga ɗan sha'awa mai maki 1600 a ma'aunin ƙarfin 'yan wasa? Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Tsaro ya fi hari wuya. Mai hari in ya yi kuskure sau da yawa yana da sauran dama, mai tsaro kuwa sai ya samo taku guda ɗaya tilo, ya sake samo wani, ya sake, agogo na tafiya, hannu na rawa. A gasar da ake ba kowa minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku ma haka ne, balle ta gaggawa mai minti 15 ko 25. Amma masu kafa hujja da Tal suna manta abu biyu. Shekara guda bayan nan, a 1961, Botvinnik ya dawo ya karɓe kambunsa da ci 13 da 8, bayan ya koyi yadda zai hana wasa rikicewa. Sannan Viktor Korchnoi, wanda al'adarsa ita ce ya cinye abin da aka ba shi ya zauna ya lissafa, ya fi cin Tal nesa ba kusa ba. Irin Korchnoi suna nan a kowane rukuni, har da rukunin 'yan ƙasa da 1800, kuma galibi su ne dattawan nan masu taku a hankali.

A nan ne ya kamata a bambanta tarko da matsi. Tarko tambaya ɗaya ce, in abokin karawa ya amsa daidai, kai ne a ciki. Matsi tambayoyi ne a jere, ya amsa ta farko, ta biyu na jiransa, kuma ko ya amsa duka ba ka mutu ba. Dubi tarkon Légal, wanda ake danganta wa wani gwanin Paris na wajen 1750. Giwar baƙi a g4 ta ɗaure dokin fari na f3, don in ya motsa sarauniya ta tafi. Sai doki ya motsa ɗin, ya ci e5. Kwaɗayi ya ja baƙi ya cinye sarauniya, giwa ta ci f7 da kashedi, ɗayan dokin ya sauka d5, an gama a taku bakwai. Yana da daɗi. Amma in baƙi yana da doki a c6, ba sai ya taɓa sarauniyar ba, ya cinye dokin e5 da nasa, wanda daga nan yake kare giwarsa ta g4, fari ya tashi ba doki ba dalili. Mutane suna buga shi a hakan ma, suna fata. Haka buɗewar Stafford, wato wani tsari na takun farkon wasa, wadda Eric Rosen ya yayata a YouTube har ta cika intanet, baƙi ya ba da dakare tun taku na uku ya jira fari ya kai giwarsa g5, a yi masa irin na Légal a juye. A wasan minti uku tana cin mutane kamar me. A gasa kuwa, inda mutum yake da lokacin zama, fari ya ajiye giwarsa e2, ya tura c3 da d4, ya riƙe dakarensa, baƙi ya shafe sa'a uku yana neman abin da ya saya da shi. Kuma gasa ba intanet ba ce, mutanen da ka gani wannan watan su za ka gani wata mai zuwa, wanda ka kama da tarko yau ya je gida ya tambayi kwamfuta.

Ba wai ina hana ba da dakare a buɗewa ba ne. Akwai masu nagarta. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, Kyaftin William Evans, shi ma ɗan sha'awa, ya ƙirƙiro tura dakaren b zuwa b4 a taku na huɗu a shekarun 1820, a ba da shi don a sami taku biyu da tsakiyar allo. An daɗe ana ce masa tsohon yayi, sai ga Garry Kasparov ya doke Viswanathan Anand da shi a Riga a 1995 cikin taku 25. Smith-Morra ma, inda fari ke ba da dakaren c a kan buɗewar Sisiliya, tarihinta biyu ne. Ken Smith, wanda take ɗauke da sunansa, ya buga ta sau uku a gasar San Antonio ta 1972 ya faɗi duka ukun. A 2011 kuma Marc Esserman ya ragargaza Loek van Wely da ita, wanda ya fi shi matsayi. Abin da ya raba waɗannan da Stafford shi ne abin da kake samu ba ya dogara da kuskuren wani. Layuka sun buɗe, 'ya'yanka sun fito, ko abokin karawa ya san komai sai ya yi aiki kafin ya ci dakaren nan lafiya.

Yanzu ga inda nake ganin ainihin basira take, wato kawo mutum na ƙarshe. Yawancin farmakin 'yan sha'awa da ke mutuwa, sarauniya ce da doki ɗaya suke ta zagaye gidan sarki, sauran suna gida. Su biyu ba su isa ba in akwai masu gadi biyu. Ana son ka fi masu gadi da mutum biyu ko fiye, ɗaya a bayar don fasa ƙofa, sauran su shiga. Hanya mafi sauƙi da ake mantawa ita ce ɗaga hasumiya. Mun saba hasumiya tana jiran layi ya buɗe, alhali tana iya hawa layi na uku ta gaban dakarunta ta gangara gefe. Emanuel Lasker ya nuna haka a kan Johann Bauer a Amsterdam a 1889. Kowa yana tuna cewa ya ba da giwa biyu, ɗaya a h7, ɗaya a g7, ya tsiraita sarki. Amma bayan nan sarauniya ce kaɗai a wurin, kuma sarauniya ita kaɗai ba ta kisa. Abin da ya gama aikin shi ne hasumiya daga f1 zuwa f3, tana nufin h3. Dole Bauer ya ba da sarauniyarsa don ya tsira, sannan sarauniyar Lasker ta faɗa d7 ta kama giwayensa biyu lokaci guda. Da bai hango wannan takun na ƙarshe ba tun kafin ya fara, da lissafin bai cika ba.

Wata hanyar ita ce dakaren gefe. In sarakuna sun shiga turaka ta ɓangarori daban-daban, wasan ya zama tsere, kowa yana tura dakarunsa kan sarkin ɗan uwansa ba tare da tsoron tsiraita nasa ba. Bobby Fischer yana ɗan shekara 15 ya yi wa Bent Larsen haka a Portoroz a 1958, ya tura dakaren h, ya ba da hasumiya a kan dokin da ke tsaye a h5, ya fasa gidan. A irin wannan tseren kuɗin 'ya'ya ba shi da ma'ana sosai, taku ake ƙirgawa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a tsakiyar hanya a ci wani dakare da ba ruwansa da faɗan, ko a tura dakaren gaban sarki don "kariya", wanda hakan ke ba abokin karawa abin kamawa. Tun da AlphaZero, wata manhajar kwamfuta mai buga ces, ta fito a ƙarshen 2017 aka ga tana tura dakaren h ko da sarakuna suna ɓangare guda, manyan 'yan wasa suka ɗauka, ƙanana suka kwaikwaya. Sai dai ita tana yin haka ne in tsakiyar allo a kulle take ko a hannunta take. Wanda ya tura dakaren gefe alhali tsakiya a buɗe, amsar da zai samu bugu ne a tsakiyar, kuma sarkinsa ne zai fara jin sanyi.

Wanda ya fi burge ni duka, Nigel Short da Jan Timman a Tilburg a 1991. Short ya ɗaure baƙi tamau, sarauniyarsa a f6, hasumiyoyinsa biyu a layin d, amma ya rasa mutum ɗaya da zai riƙe wa sarauniya baya ta sauka g7. Hasumiyoyin suna da aiki, doki yana da aiki. Ya duba, saura wa? Sarkinsa. Da sarauniyoyi da hasumiyoyi duka a kan allo, ya tashi sarki daga g1 zuwa h2, zuwa g3, zuwa f4, zuwa g5, yana nufin h6. Timman ya miƙa wuya a taku na 34. Ba a ba da ko dakare ɗaya a cikin waɗannan takun huɗu ba, ba kashedi ko ɗaya. Abin da ya sa ya yiwu shi ne Short ya tabbatar Timman ba shi da abin yi, don haka akwai lokacin tafiya a ƙasa. 'Yan sha'awa ba su cika yin wannan tambayar ba. In sun ɗaure mutum sai gaggawa ta kama su, su ba da wani abu don a gama, su kwance shi da hannunsu.

Sai maganar gasar kanta, don allo ba shi kaɗai yake yanke shawara ba. Yawancin gasannin 'yan sha'awa da tsarin Suwis ake yi, ba a fitar da kowa, mai ci yana haɗuwa da mai ci, zagaye biyar ko bakwai. Kunnen doki rabin maki ne, kuma a gajeriyar gasa kunnen doki biyu kan isa su raba ka da kyauta. Wannan yana tura mutane caca. Amma wa ya kamata ya yi cacar? A lissafin Elo, ma'aunin ƙarfin 'yan wasa wanda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ɗauka a 1970, wanda ya fi ka da maki 200 ana sa ran ya kwashi kusan kashi 76 cikin ɗari na makin karawarku. In kai ne ƙarami, wasan lumana ba ya taimakonka, zai yi ta matsa ka a hankali har ka karye, gara ka rikita ruwan inda shi ma zai iya zamewa. In kai ne babba kuwa, me ya kai ka? Kyautar da ba ka ga ƙarshenta ba ita ce kaɗai ƙofar da ƙaramin zai bi ya ci ka. Abin dariya, a zaure akasin haka ake gani, mutum ya ga babba ya noƙe yana neman musaya, ya ga ƙarami ya hau shi da kyautar raini.

Agogo ma haka. Kyautar gaske ta fi daraja in abokin karawa ya rage minti biyar kai kana da talatin. Amma kada ka biye masa ka riƙa sauri don ka hana shi tunani, ribarka ita ce kai kana da lokacin lissafi shi ba shi da shi. Kuma dokar gasa ba ta da sassauci, abin da ka taɓa shi za ka motsa, ka ɗaga giwar nan ka hango f5 tana hannunka, sai dai ka nema mata wani gidan.

Abu na ƙarshe da mai hari ke mantawa shi ne abokin karawa yana iya mayar da kyauta. Ka ba shi doki, ba dole ya riƙe shi har abada ba. Mai tsaron da ya san aikinsa yana jira ka zuba komai, sai ya mayar maka da dokin a daidai inda zai tilasta musayar sarauniya, a wayi gari kuɗi daidai, amma dakarunka da ka tura gaba sun zama marayu, nasa suna jere. Shi ya sa a cikin lissafi, bayan ka duba me zai faru in ya ci da me zai faru in ya ƙi ci, akwai reshe na uku, in ya ci ya mayar fa? Haka nan takun baya, doki ya koma f8, giwa ta koma gida, sarauniya ta dawo layi na bakwai ta kare daga nesa. Ido ya saba ganin 'ya'ya suna zuwa gaba, shi ya sa irin waɗannan ne suke ɓace wa mai hari.

Dattijon nan mun sake haɗuwa bayan wasu watanni, ni ne da fari kuma. Wasan ya bi wata hanyar, amma wajen taku na goma sha biyar sai ga giwata tana kallon h7, dokinsa ba ya f6. Na zauna minti goma sha ɗaya, na rubuta a gefen takardata shi ya sa na tuna. Wannan karon giwarsa tana bayan dakaren e6, ba ta da hanya, amma sarauniyarsa tana c7, kuma in sarki ya fito g6 tana iya cin dakarena na e5 ta shigo tsaro. Ban buga ba. Na kai hasumiya e1, na ɗaga ta e3 a taku na gaba. Ya daɗe yana kallonta, ya gutsuri goronsa, sannan ya tura dakarensa h6.